Sharhi kan fitilar fetur ta Coleman: sai bututu ya yi zafi haske ke zuwa

Tun bayan dogon duhun da ya lulluɓe yawancin jihohin Arewa a watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, mutane da yawa a garin nan na Kaduna suka gane cewa fitilar caji tana da iyaka, domin komai kyanta, idan aka kwana uku babu inda za a jona ta, amfaninta ya ƙare. Abin da ni na koma wa shi ne fitilar famfo, wadda iyayenmu suka fi sani da fitilar gas, kuma wadda zan yi sharhi a kanta ita ce ta kamfanin Coleman na Amurka, samfurin Dual Fuel, wato mai shan mai iri biyu, mai lamba 285, mai raga biyu, wadda ke aiki da fetur. Ta hannu na saye ta a wajen masu kayan gwanjo, na yi hunturu da ita, na yi damina. Hukuncina shi ne fitila ce mai kyau ƙwarai ga mai aiki a waje da dare, amma kyanta duka ya rataya ne a kan wani siririn bututu guda ɗaya da dole sai ya yi zafi kafin ta yi aiki, kuma wanda bai fahimci wannan ba bai kamata ya kusance ta da ashana ba.

Tsarinta ba shi da wuyar ganewa. A ƙasa akwai tankin ƙarfe mai cin abin da ya ɗan haura rabin lita, a jikinsa akwai murfin zuba mai da famfon hannu. A saman tankin akwai makunni guda ɗaya, da shi ake kunnawa, da shi ake rage haske, da shi kuma ake kashewa. Sai ƙwan gilashi mai jure zafi, a cikinsa raga biyu suna rataye, wato abin da masu shago ke kira mantil, a tsakaninsu kuma ga bututun tagulla a tsaye wanda kaurinsa bai kai na fensir ba. A can sama akwai hular ƙarfe mai ƙofofin da zafi ke fita, da mariƙin waya. Babu lagwani a ko'ina, kuma wannan ne abu na farko da ya raba ta da fitilar ƙwai da muka tashi da ita. Ƙirar tana da ƙwari, tankin yana zama daram a ƙasa, kuma iskar hadari ba ta kashe ta.

Hasken ba daga harshen wuta yake fitowa ba. Wutar da ke ci a cikin fitilar, idan komai ya daidaita, shuɗiya ce, tana da zafi sosai amma da kyar ake ganinta, aikinta kawai shi ne ta gasa ragar har ta yi fari fat. Wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Ostiriya, Carl Auer von Welsbach, shi ya fito da wannan raga a shekarar 1885, kuma bayan 'yan shekaru ya gano haɗin da ya fi ba da haske, wato toriyam kashi 99 da siriyam kashi 1. Ana saƙa ragar da zare, a jiƙa ta da ruwan waɗannan sinadarai, a shanya. Idan mai fitila ya ɗaura sabuwa, sai ya fara ƙona ta da ashana makunni yana rufe, zaren ya cinye, a bar toka mai siffar raga, kuma wannan tokar ce ke yin haske. Shi ya sa da zarar an ƙona ta ba a sake taɓa ta da yatsa, kuma girgiza mai ƙarfi tana iya farfasa ta. Kamfanoni da dama, har da Coleman, sun daina sa toriyam sun koma itiriyam, saboda toriyam yana fitar da ɗan radiyeshon, amma ko wace iri ce a hannunka, hayaƙin ƙonawar farko ba abin shaƙa ba ne, a waje ake yin ta.

Tunda babu lagwanin da zai tsotso mai, iska ce ke tura shi sama. Ana murɗa kan famfon sau ɗaya don a buɗe shi, a danne 'yar hudar da ke tsakiyarsa da babban yatsa, a buga kamar sau talatin idan tankin a cike yake, sannan a tura shi ciki a murɗa a kulle. Iskar tana taruwa a saman man tana danna shi. Saboda haka ba a cika tankin har baki, dole a bar wa iska wurin zama, kuma ba a karkata fitilar lokacin zubawa don a ƙara cusa mai. Yawancin masu cewa fitilar fetur tana tashi da gobara a wajen kunnawa, idan aka bincika, a nan matsalarsu ta faro, kuma dalilin zai bayyana nan gaba kaɗan.

Yanzu ga bututun da na ce komai ya rataya a kansa. Aikinsa shi ne dafa mai. Fetur yana shiga ta ƙasansa yana ruwa, zafin ragar da ke gefensa ya tafasa shi, ya fita ta sama yana tururi. A cikin bututun akwai wani kwali mai jure zafi da wata nannaɗaɗɗiyar waya, waɗanda ke riƙe man su rage masa gudu don ya samu lokacin tafasa daidai, ba tare da yana tunkuɗowa yana ja da baya ba. A tsakiyarsu akwai allura mai siririn baki, a ƙarshen bututun kuma akwai jet, wato ɗan bakin da tururi ke fita ta cikinsa, wanda hudarsa ta yi ƙanƙantar da sai an ɗaga ta ga haske ake ganinta. Tururin yana fita ta wannan huda da gudu mai ƙarfi, gudun nasa ya jawo iska daga waje ta wani bututun dabam, su cakuɗa a wani lanƙwasasshen bututu da ke ƙarƙashin hula, su juyo ƙasa su fita ta bakuna biyu masu 'yar rariyar ƙarfe, inda ragar take ɗaure. A nan ne suke kamawa. Wato fitilar da kanta take ciyar da kanta: wuta tana gasa bututu, bututu yana samar da tururi, tururi yana ciyar da wuta. Allurar kuwa a haɗe take da makunni, idan an juya shi wajen kashewa tana shiga hudar jet ta rage tururi, a lokaci guda ta share dattin da ya maƙale. Wannan dabara ta burge ni, domin a duk lokacin da aka kashe fitilar an goge jet ɗin ke nan.

Tambayar da ta rage ita ce ta farkon kunnawa. Idan sai wuta ta gasa bututu ake samun tururi, kuma sai da tururi ake samun wuta mai kyau, to da me za a fara alhali komai yana sanyi? Tarihin fitilar fetur kusan duk tarihin amsa wannan tambaya ne. William Coffin Coleman ya fara sana'ar fitilu a shekarar 1900, daga baya ya kafa kamfaninsa a garin Wichita na jihar Kansas, kuma a 1914 ya fito da fitilarsa ta farko ta ɗauka a hannu. Fitilun wancan zamani sai an tsoma wani ɗan tsumma mai mariƙi a cikin sifirit, a kunna shi, a kara a jikin bututun har ya yi zafi, sannan a buɗe mai. Kafin 1920 aka fito da samfurin Quick-Lite, wanda bututunsa siriri ne mai lanƙwasa, ashana biyu a haɗe sun isa su gasa shi. A 1928 kuma aka fito da tsarin Instant-Lite, wanda ya ɗauke wa mai fitila wannan aiki gaba ɗaya, kuma jikan wannan tsari ne ke cikin fitilar da ke hannuna.

Ga yadda yake aiki. Bututun da ke ɗauko mai a cikin tanki biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya. Na wajen yana da 'yar huda a sama, a daidai inda iskar da aka buga take zaune, ƙasansa kuma yana cikin mai da ƙofa ƙanƙanuwa. Idan aka buɗe makunni fitila tana sanyi, iska tana shiga ta hudar sama ta gangara, ta haɗu da ɗan man da ke shigowa ta ƙasa, su hau tare su fita ta jet a matsayin feshi, irin wanda famfon feshin gona ke fitarwa. Fetur mai saurin tashi ne, don haka wannan feshi yana kama wuta ko da sanyi, kuma wutarsa, duk da ba ta da kyau, ta isa ta gasa bututun. A tsofaffin samfura ana buɗe makunni rubu'in juyi ne kawai, sai raga ta yi fari a buɗe shi duka don a rufe hanyar iska. A wannan samfurin canjin da kansa yake faruwa, domin da zarar bututu ya fara tafasa mai, tururin yana rage gudun abin da ke hawa, man ya cika bututun waje ya toshe wa iska hanya. A nan ne illar cika tanki ke fitowa: idan mai ya nutsar da hudar sama, babu iskar da za ta shiga, zallar fetur ne zai hau ya zubo a kan raga.

A aikace, ana fara shigar da ashana mai ci ta ƙofar da ke ƙasan gilashi, a kai ta kusa da raga, sannan a buɗe makunni zuwa ƙarshe. Wannan jeri ba a sauya shi, ashana ce a gaba, makunni a baya, saboda idan aka buɗe mai ana laluben ashana, tururi zai taru a cikin ƙwan ya kama a lokaci guda. Za a ji huci mai haɗe da tartsatsi, a ga harshe rawaya yana lasar raga yana ɗan hawa sama, wani lokaci da ɗan hayaƙi. Wannan ba lalacewa ba ce, lokacin gashin bututu ne, kuma a nan ne sabon mai fitila ke tsorata ya kashe ta ko ya yi ta juya makunni. A lokacin zafi abin ba ya kai minti ɗaya, sai rawayar ta janye, hucin ya zama ɗaya bai katsewa, ragar ta yi fari. Tunda kunnawar ta ci iska daga tanki, sai a buɗe famfo a ƙara bugu har haske ya tsaya. A tsakiyar hunturu, musamman da asuba a gonakin bakin kogin Kaduna, tartsatsin yana ɗan daɗewa, kuma na ga yana taimakawa a kara wutar ashana ko leta a jikin bututun na ɗan lokaci kafin a buɗe makunni. Idan kuwa harshen ya yi tsawo har yana fita ta hula, alama ce mai ya yi yawa, sai a rufe makunni, a ja da baya, a bar abin da ya zubo ya cinye, a jira ta huce, a sake farawa. Ba a ɗaukar ta a gudu da ita, ba a hura ta da baki, ba a kuma taɓa murfin tanki.

Duk wanda ya girma a gidan da ake kunna Tilley ta Ingila ko Petromax ta Jamus, wadda Max Graetz ya ƙirƙira a Balin a 1910, zai tuna cewa ba haka ake kunna su ba, kuma bambancin daga man yake. Waɗannan na kananzir ne, shi kuwa kananzir mai nauyi ne, ba ya fara tafasa sai zafi ya kai wajen digiri 150, kuma feshinsa mai sanyi ba ya ci da tsabta. Saboda haka suna da ɗan kofi a gindin bututu ko wani abin maƙalawa da ake jiƙawa da sifirit, a kunna, a tsaya a jira har ya kusa cinyewa, sannan a saki mai. An zaɓi sifirit ne don yana ci ba tare da kunkunniya ba, wanda ya zuba kananzir a kofin zai baƙanta gilashi da raga tun kafin fitila ta kama. Wasu samfuran Petromax suna da wata 'yar wutar hura a gefe da ake bari ta yi kamar minti ɗaya da rabi tana gasa bututun, kuma bututun nasu yana da zobe da ya kewaye raga don ya ƙara kwasar zafi. Coleman ma tana da fitilun kananzir masu kofin sifirit. Mai biyun da aka ce wannan samfurin yana sha su ne farin mai na kamfanin, wanda nau'in nafta ne, da fetur na mota, kananzir ba ya cikinsu, kuma wanda ya zuba shi zai samu hayaƙi da toshewa maimakon haske.

Abin da ya fi damuna shi ne akasin wannan. Yanzu da kananzir ya fi fetur tsada, kuma ba kowane gidan mai ke sayar da shi ba, akwai masu zuba fetur a tsofaffin fitilun famfo na kananzir, ko su gauraya su, suna cewa ai ta ma fi saurin kamawa. Gaskiya ne tana kamawa, amma ba a gina ta don haka ba. Fetur yana fitar da tururi mai kama wuta ko da a sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri, kananzir kuwa sai ya ɗumama zuwa kimanin digiri 38, kuma tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa yana bin wuta. Fitilun kananzir da dama ana kashe su ne ta hanyar sassauta wani noti a saki iskar tanki. Da kananzir, iska ce kawai ke fita, amma da fetur, tururi ne ke fita a tazarar tafin hannu daga raga mai ci. Haka kuma bawul ɗin famfonsu a cikin mai yake nutse, idan robarsa ta gaji sai man ya biyo bututun famfo ya fito waje. A fitilar fetur an toshe waɗannan hanyoyi biyu: ana kashe ta da makunni ba tare da sakin iska ba, famfonta yana kulluwa da murɗi, kuma iskar da yake turawa a saman mai take fita. Mun sha jin labarin gidajen da gurɓataccen kananzir ya ƙone a ƙasar nan, bai kamata mutum ya haɗa irin wannan gurɓata da hannunsa ba.

Ta fuskar haske, ban da abin kushewa. Idan aka rataye ta a tsayin da ya wuce kai, tana haskaka tsakar gida mai faɗi har a iya tsintar tsakuwa a cikin shinkafa, kuma tunda hasken ta kowane gefe yake fita, ta fi tocila dacewa da wurin da mutane da yawa ke aiki tare, kamar wajen sussukar masara ko casar shinkafa, ko zaman makoki da walima a ƙofar gida. Launinsa fari ne mai ɗan ɗumi, nama da tumatir suna fitowa da kalarsu, abin da mai tsire da mai kayan miya za su yaba. Kamfanin ya ce tanki ɗaya yana kai awa 7 a cikakken haske, ko awa 14 idan an rage, kuma abin da na gani bai yi nisa da haka ba, wato daga magariba har tsakar dare a kan man da ƙaramin janareto zai shanye cikin awa ɗaya ko biyu. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan lissafi ya zama abin dubawa. Sai dai tana buƙatar a riƙa ƙara mata iska lokaci zuwa lokaci yayin da mai ke raguwa, tana huci ba fasawa, kuma da damina duk ƙwaron unguwa a kanta yake taruwa, don haka nesa da abinci ake rataye ta. Yaran da ke kamun shinge ne kaɗai ke murna da wannan.

Inda mai ita zai fi shan ɗawainiya shi ne man. Farin man da kamfanin ya fi so a yi amfani da shi ba kasafai ake ganinsa a shagunanmu ba, don haka fetur ne abin dogaro. Batun dalma ya kau, domin a 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar cewa an daina sayar da fetur mai dalma a gidajen mai a duk duniya. Amma fetur na mota yana ɗauke da sinadaran da aka ƙara masa don inji, da wasu sassa masu nauyi da ba sa tashi gaba ɗaya, kuma su ne ke daskarewa a cikin bututun su zama baƙin danƙo. Wannan sanannen abu ne ga duk fitilar da ke shan fetur, bututunta ya fi saurin toshewa a kan wadda ke shan farin mai. Alamominsa su ne haske ya ragu duk da an buga iska, ko ya riƙa hawa da sauka, ko lokacin gashi ya yi ta tsawo. Abin da ke rage wannan shi ne a sayi mai a gidan mai maimakon wajen 'yan bumburutu, a tace shi da mazurari da ƙyalle mai tsabta, kuma kada a bar shi ya yi watanni a tanki. Akwai kuskure ɗaya da gidajenmu suka fi fuskanta: jarkar fetur da aka riga aka gauraya da baƙin mai don ƙaramin janareto. Wannan ba ya shiga fitila ko kaɗan, cikin dare ɗaya zai iya kashe bututun. Ya kamata fitila ta samu jarkarta dabam da alama a jiki.

Kayan gyara su ne abin da zan ce mai saye ya yi tunani a kai tun kafin ya biya. Raga tana samuwa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da wajen masu sayar da risho, amma ingancinta ya bambanta, akwai marasa suna da ke tsagewa bayan kunnawa kaɗan. Ragar da ta huje ba a ci gaba da amfani da ita, saboda harshen wuta yana fita ta hujin ya doki gilashi ya fasa shi, kuma gilashin ya fi ragar wuyar samu nesa ba kusa ba. Masu aikin hannu na Panteka suna iya yanka fatar famfo sabuwa, su gyara mariƙi, su daidaita hula, kuma wani dattijo mai gyaran risho a can ne ya nuna mini cewa idan fitila ta daɗe a ajiye ta tashi tana ci da rawaya, a fara leƙa bututun iska kafin a zargi komai, domin zanzaro da gizo-gizo suna son yin gida a ciki, ƙurar hunturu kuma ta ƙarasa toshe shi. Amma akwai abu biyu da ba a yi musu dabara. Na farko jet, wanda idan aka soka masa allurar ɗinki aka faɗaɗa hudar, mai zai fi iska yawa har abada, sai dai a sauya bututun ɗungurungum. Na biyu robar murfin tanki, wadda dole ta zama mai jure fetur, domin robar da aka yanko daga tsohon tayar keke tana kumbura ta saki iska. Wanda ke da ɗan'uwa mai zuwa ƙasar waje ko mai iya saye ta intanet, ya nemi bututun dafa mai guda biyu ya ajiye, a duba lambar samfurin da kyau don ba duka ne ke shiga juna ba.

Ba fitilar ɗaki ba ce, kuma a kan wannan ba ni da sassauci. Tana cinye iskar numfashi, tana fitar da iskar nan mai guba marar wari da ke kashe masu kwana da janareto ko gawayi a rufaffen ɗaki, kuma lokacin sanyi da ake toshe tagogi shi ne lokacin da mutum zai fi sha'awar shigar da ita don ɗuminta. Hularta tana yin zafin da zai sale fata nan take, kuma zafin da ke tashi sama ya isa ya kama rufin ciyawa, ko tamfol, ko labule, don haka ko a rumfa sai an bar tazara mai kyau a samanta. Ana zuba mata mai ne a waje, bayan ta huce sarai, nesa da murhu da mai shan sigari. Bayan an rufe makunni tana ci gaba da ci na ɗan lokaci har tururin da ke cikin bututu ya ƙare, wannan daidai ne, a tsaya a ga mutuwarta kafin a tafi.

Saboda haka ga uwar gida mai neman hasken ɗaki, ko ɗalibi mai karatun dare, ko gidan da yara ne ke kunna fitila, fitila mai farantin sola ta fi wannan ta kowace fuska, ba ta cin mai, ba ta ƙuna, kuma yanzu tana ko'ina a kasuwa. Fitilar fetur ta mutumin da aikinsa ke waje ce, wanda ke buƙatar haske mai yawa na awoyi masu tsawo ko da an kwana biyu ana hadari rana ba ta fito ba: manomi a lokacin kaka, mai shayi ko mai balangu da ke kaiwa tsakar dare, mai gadin gona, makanikin da mota ta mace masa a hanyar Zariya ko ta Kaciya. Shi ma da sharaɗin mutum ɗaya ne zai riƙa kula da ita, wanda ya san dalilin kowane mataki, ba a riƙa miƙa ta hannu zuwa hannu ba.

Wanda ya yanke shawarar saye, musamman ta hannu, kada ya karɓa sai an gwada ta a gabansa a fili. Ya buɗe murfi ya haska cikin tankin, idan ya ga tsatsa mai ɓarɓashi ko alamar an taɓa yi wa tankin walda ko faci, ya bar ta komai arharta, domin tankin da ke riƙe fetur a matse ba a yi masa kwaskwarima. Ya buga iska tanki babu mai, ya kulle famfo, ya shafa ruwan sabulu a bakin murfi da gindin makunni ya ga ko kumfa zai tashi. Ya buɗe famfon ya ɗora yatsa a kan hudarsa a hankali, idan sandar tana turowa waje da kanta to bawul ɗin yana yoyo. Sannan a zuba mai a kunna, ya lura da tsawon lokacin da rawaya ke ɗauka kafin ta janye, ya duba ko raga biyun haskensu ɗaya, ya juya makunni ƙasa da sama ya ga ko hasken yana bin hannunsa, daga ƙarshe ya rufe ya tabbatar ta mutu gaba ɗaya, ba ta bar wani ɗan harshe yana ci a bakin bututu ba.